Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

Ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Balbeji, an san ta da gero da raƙuma, da kuma tsohuwar hanyar ayari wadda ta haɗa Kano da Damagaram da Agadas. Amma tana da wata dukiya da ba a aunawa da tiya: waƙoƙin daka da na niƙa, da waƙoƙin gaɗa na ƴan mata a dandali, masu ɗauke da labarin fari, da na aure, da na matafiyin da bai komo gida ba.

Zamanin marigayi Seini Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga watan Afirilu na 1974, an farfaɗo da Samariya, kuma a 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko a Damagaram. Gundumomi sukan shirya rukunin mawaƙa, samari da ƴan mata su jeru sahu-sahu cikin tufafi iri ɗaya, mai ba da waƙa a gaba, ƴan amshi a baya. Sau da yawa, daga ƙauye ake ɗauko karin waƙar. Baitocin tsofaffi kuwa akan ture su, a sa na haɗin kan ƙasa, da dashen itatuwa, da yaƙi da jahilci.

Ba a musun amfanin wannan aiki. Muryar Sahel ta kai karin waƙar ƙauye har kunnen mutanen Yamai. Sai dai an yi hasara biyu: kalmomin asali sun salwanta, sunan masu waƙar kuma bai hau dandamali ba. Da guguwar dimokuraɗiyya da Taron Ƙasa na 1991 suka zo, Samariya ta watse, rukunan suka bi ta.

Duk da haka akwai abin koyi cikin jahar Damagaram kanta. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar, ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 wurin dattijo Bukar Tar, ya koyi kiɗan biram mai tsirkiya 5 na masuntan Buduma. Ya kai kiɗan har Turai, kuma bai ɓoye sunan malaminsa ba.

Haka ya kamata a yi wa waƙoƙin Damargu. Kafin malaman lakwal su tsara yara su rera su a taro, a fara zama gaban tsofaffin mata na Gangara da Tarka, a naɗi muryarsu, a rubuta baitocin yadda suke, tare da sunan mai waƙa da garinta. Magadan gari su sa wannan cikin kasafinsu, ƴan kasuwa su kama musu. Kuɗin ba su kai na buhunan gero kaɗan ba, amma tsohuwar da aka rufe bana ta tafi da waƙoƙinta ke nan.