Ba kowane ƙarin kuɗi ne zalunci ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata wasiƙa da wani bawan Allah ya rubuto kwanakin baya. A cikinta ya yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro, ya ce duk wanda ya ƙara wa hajarsa kuɗi don ya ga lokacin cinikinta ya zo, to, azzalumi ne. Ni ɗan mai tireda ne, a gindin teburin mahaifina na tashi, sa'an nan Allah Ya kai ni ƙasar Amurka neman abinci, inda na yi kaka uku ina aiki a wani masaukin baƙi na ƙauye. Abin da na gani a can shi ya hana ni yarda da maganar ɗan'uwan nan gaba ɗayanta.

Masaukin yana jihar Vermont ne, can arewa maso gabashin Amurka, iyaka da Kanada. Ƙaramar jiha ce, ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta dubu 643 ne da 'yan kai, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙasarta daji ne da duwatsu. Itacen da ya fi suna a wurin shi ne mefil, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Idan sanyi ya fara ja da baya sukan huda jikinsa su tatsi ruwa, su dafa har ya zama wani irin maɗi mai kauri kamar zuma. Sai an dafa wajen galan 40 na ruwan kafin a sami galan ɗaya, kuma babu jihar da ta kai Vermont yin sa a duk Amurka.

To, amma ba maɗin ne ke cika masauki ba, ganyen ne. Daga tsakiyar watan Satumba, idan yini ya fara gajarta dare ya yi tsawo, sai itacen ya daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore. Da koren ya janye sai ruwan ɗorawa da ruwan goro, waɗanda dama suna ɓoye cikin ganyen, su bayyana. Shi kuwa ja sabo ake yin sa daga sukarin da ya taru a ganyen, kuma ya fi kyau idan aka sami rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarar da ruwa ba. Abin yakan fara daga arewa da kan duwatsu, ya gangaro kudu da kwari a hankali. Gani ya kori ji, Malam Edita. Dutse guda sukutum za ka gan shi ja wur kamar an cinna masa wuta. Mutane sukan zo daga Boston da New York da Kanada, har da Ingila da Japan, ba don komai ba sai don su kalli ganye. Mutanen gari suna kiransu 'yan leƙen ganye. Da farko dariya abin ya ba ni, na ce wai mutum ya biya kuɗin jirgi don ganyen da a garinmu akuya ce kaɗai ta damu da shi. Daga baya na gane cewa wannan ganye shi ne albashina.

Masaukinmu tsohon gidan katako ne mai ɗakuna tara, na wata dattijuwa da mijinta. Su a al'adarsu kowa da sunansa ake kiransa, ni dai bakina ya kasa, Mama nake ce mata. Idan mai karatu ya san fatoma, wanda ke saukar da fatake a gidansa ya ba su wurin kwana ya nuna musu hanyar gari, to, kusan sana'ar ke nan, sai dai su baƙin nan ba shanu ko goro suka kawo ba. A makonnin ganye Mama takan tashi ƙarfe biyar na asuba ta ɗora karin kumallon mutum goma sha takwas: ƙwai, burodin da ta gasa da hannunta, wainar fulawa da ake zuba wa maɗin nan, shayi da kofi. Daga ƙarfe goma sha ɗaya da baƙi ke fita zuwa ƙarfe uku da wasu ke shigowa, ni da wata yarinya ɗaya za mu canza zannuwan gado, mu wanke banɗakuna tara, mu ɗura wa injin wanki kaya, in faskara itace in jera a murhun falo. Ma'aikata kuwa wahalar samu suke, domin 'yan makarantar da ke taimakawa lokacin hutun zafi duk sun koma aji tun ƙarshen Agusta. Mukan yi wata guda cur babu hutun yini ɗaya.

A waɗannan makonni kuɗin ɗaki yakan kusa ninka na watan Mayu. Bugu da ƙari, ba a ba da ɗaki na kwana ɗaya a ƙarshen mako, sai biyu, kuma sai mutum ya ba da kafin alƙalami tun watanni kafin zuwansa. Da ɗan'uwanmu mai wasiƙa ya ga wannan, na san abin da zai ce. Ni ma na faɗa a raina a shekarar farko.

Abin da ya canza mini ra'ayi shi ne zaman da na yi bayan baƙi sun watse. Kafin ƙarshen Oktoba ganye ya zube kaf, itatuwa sun koma tsirara, lokacin da su da kansu suke kira lokacin ƙirare. A watan Nuwamba mukan yi kwana biyar babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Masaukan da ke kusa da duwatsun da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suna da kasuwa ta biyu a hunturu, mu kuwa muna nesa da su. Watan Maris da Afrilu ƙanƙara ta narke, hanyoyin ƙauye su zama taɓo, babu mai zuwa. Amma gidan bai san babu baƙo ba. Sanyi yakan kai 20 ƙasa da sifili, kuma dole a yi ta ƙona mai ana ɗumama ɗakuna tara ko babu kowa a ciki, in ba haka ba ruwan famfo ya daskare ya fasa bututu. Ga bashin banki duk wata, ga inshora, ga harajin gida, ga mai motar da ke share ƙanƙara daga ƙofar gida. Ko a cikin kuɗin da baƙo ya biya, 9 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin ɗaki na gwamnatin jiha ne, kuma idan ta hannun dillalan intanet baƙon ya zo, su ma sai sun zare la'adarsu wajen 15 cikin ɗari. Na sha ganin Mama da daddare ta baje takardu a teburin cin abinci tana kasa kuɗin Oktoba kashi-kashi, wannan na Janairu, wannan na Afrilu, kamar yadda manomi ke duban rumbunsa yana lissafin ko zai kai shi wata kakar.

Ita ma kakar ba ta da tabbas. Ranar 28 ga Agusta 2011 guguwar da aka sa wa suna Irene ta lalata hanyoyin jihar fiye da mil 500 da gadoji wajen 200, saura 'yan makonni ganye ya juya. A 2020 annobar korona ta sa aka ƙaƙaba wa masu shigowa daga wasu jihohi dokar killace kai. A watan Yulin 2023 ruwa ya cinye tsakiyar Montpelier, babban birnin jihar, ina nan ina ji wayarmu na ta ƙara, mutanen da suka ga hotuna a talabijin suna fasa zuwa, alhali mu ko digo bai shigo mana ba. Wanda ke sayar da ɗaki a Oktoba a kan kuɗin Mayu, shekara ɗaya irin wannan ta ishe shi ya sa wa gidan kwaɗo. Kuma in ya rufe, ba shi kaɗai ya rasa ba: mai kawo mana ƙwai, da mai tuffa, da ni mai wankin banɗaki, duk mun shiga uku.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne nake tare da ɗan'uwanmu. Kuɗin Mama a rubuce yake tun farkon shekara, kowa ya gani, wanda ya ga ya yi masa tsada ya zo a Yuni. Ba ta taɓa ƙara ko sisi a kan wanda aka riga aka yi ciniki da shi ba. Akwai wani mai masauki ba nisa da mu, ba zan kama suna ba, wanda ya ga kasuwa ta yi zafi, sai ya aika wa wasu tsofaffin baƙinsa cewa wai ɗakinsu ya sami matsalar famfo, ya maido musu da kafin alƙalaminsu, ya sayar da ɗakin ga wasu da kuɗi mafi tsoka. A wurinmu suka ƙare, a ɗan ɗakin da ke saman gareji, kuma ba su sake komawa wurinsa ba. Wannan ba ƙarin kuɗi ba ne, cin amana ne, ko a Vermont ko a kasuwar ƙauyenmu.

Ni kaina na kusa faɗawa. Wata ranar Laraba da dare aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, gari ya waye ganyen duk yana ƙasa. Da hantsi wani mutum ya bugo waya, shi da matarsa za su yi tuƙin awa biyar ranar Juma'a, ya tambaya ko ganye na nan. Na buɗe baki zan ce ai da sauransa, domin in aka duba da kyau ba a rasa ɗaya biyu a reshe ba. Mama ta karɓe wayar daga hannuna, ta ce masa iska ta kwashe na wajenmu, amma idan ya yi tuƙin awa ɗaya kudu da mu zai tarar da shi, in kuma ya fi so ta ɗage masa kuɗinsa zuwa baɗi. Da ta ajiye na ce, “Mama, kwana biyu fa ke nan kika zubar.” Ta ce, “Ganyen ba nawa ba ne balle in sayar masa. Gado da karin kumallo na yi masa alkawari.” Mutumin ya zaɓi baɗi, ɗakin ya kwana biyu babu kowa. Na ji zafin abin a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma rabin littafinta na Oktoba da sunayen mutanen da suka zo bara da bara waccan yake cika, wasu tun suna biyan kuɗin tafiya suke kama ɗakin shekara mai zuwa, kuma waɗannan babu dillalin da ke cin la'ada a kansu. An ce baƙo raɓa ne, to, ita raɓarta dawowa take yi.

Haka nan maƙwabta suna da haƙƙi a cikin cinikin. A ƙauyen Pomfret, mutane masu ɗaukar hoto don Instagram da TikTok sun yi yawa a wata 'yar hanya mai suna Cloudland, suna toshe ta da motoci suna tsallakawa gonakin mutane, har hukumar ƙauyen ta rufe hanyar ga baƙi daga 23 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba 2023. Mama takan zana wa baƙinta hanyoyi a takarda da hannunta, ta gargaɗe su kada su ajiye mota a ƙofar gonar kowa. Ta san bayan sun tafi ita ce za ta haɗu da mai gonar a kantin gari.

Wuri ɗaya ne muka yi saɓani da ita, kuma har yau ina ganin ni ke da gaskiya. Kuɗin ɗaki ya kusa ninkawa, aikinmu ya fi ninkawa, amma ladan awa ɗaya bai motsa ba. Hujjarta ita ce tana riƙe ni a Nuwamba da Afrilu alhali babu aikin kirki. Haka ne game da ni, amma yarinyar da ake ɗauka wata ɗaya kawai a sallame ta fa? Sai a kaka ta uku, bayan na yi magana sau biyu, ta fara ba mu wani abu a ambulan ranar da baƙon ƙarshe ya tafi. Ina kira ga 'yan'uwana masu shago da ke da yara: in kasuwa ta yi kyau har kuka ƙara kuɗi, yaron da ya wuni tsaye ya kamata ya gani a aljihunsa, ba sai ya roƙa ba.

Kada kuma wani ya ɗauki wasiƙata ya kafa hujja da ita inda ba ta dace ba. Mai leƙen ganye shaƙatawa ya fito, in ya fasa zuwa babu yaron da zai kwana da yunwa. Wanda ya saye hatsi ya kulle a sito yana jiran azumi ko tsakiyar damina ya gasa wa talaka aya a hannu, wannan wata magana ce dabam, ba shi nake karewa ba. Wanda nake karewa shi ne tela da ke jiran Sallah, da mai kiwon rago da ya yi wata takwas yana sayen dusa da harawa, da duk mai sana'ar da kasuwarsa ke ci 'yan makonni amma cikinsa da na iyalinsa ke ci wata goma sha biyu. Ina roƙon ɗan'uwanmu ya sake rubutowa ya faɗa mana wanne daga cikin biyun yake nufi, domin mahaifina ya karanta wasiƙarsa, kuma ya kwana biyu ransa a ɓace.

 

Naka,
Ɗan Mai Tireda,
daga ƙasar Amurka.