GIƁIN FARASHI YANA CIKEWA, AMMA WA'ADI BA YA JIRA

Yau muna so mu yi magana a kan wani ciniki na kasuwar hannun jari ta Amurka, wanda ake ta kwaɗaita wa matasa ta wayar hannu. Shi ne sayen takardar zaɓi a kan giɓin farashi bayan kamfani ya faɗi ribarsa. Ra'ayinmu a taƙaice: zanen farashi yana iya nuna wa mutum hanya, amma ba ya faɗin ranar isa, alhali ita takardar zaɓi rana ake saye.

Bari mu fara da bayani. Manyan kamfanonin Amurka suna fitar da lissafin cinikinsu duk wata uku. Da yawansu sai an tashi kasuwa ƙarfe 4 na yamma agogon New York suke faɗa. Kafin a buɗe washegari ƙarfe 9 da rabi, labari ya gama duniya, sai farashi ya buɗe can sama ko can ƙasa, ya tsallake na jiya. Wannan fili da ya rage a zane shi ne giɓi.

Ita kuwa takardar zaɓi, kamar kafin alƙalami take, sai dai ba a mayarwa kuma ba ya shiga cikin kuɗin kaya. Ka biya wani abu don a ba ka ikon saye, ko ikon sayarwa, a kan farashin da aka yanka, zuwa rana kaza. Takarda ɗaya tana ɗaukar hannun jari 100. Kasuwarta ta farko mai tsari an buɗe ta a Shikago cikin Afrilu 1973. In rana ta zo farashi bai kai inda kake so ba, takarda ta mutu, kuɗinka sun tafi.

To masu duba zane suna da wata magana, wai kowane giɓi sai ya cike, wato farashi sai ya koma inda ya tsallake. Mu gwada wannan magana da abin da ya faru. Ran 2 ga Fabrairu 2022 hannun jarin Meta, mai Facebook, ya tashi kasuwa a dala 323. Da yamma kamfanin ya faɗi cewa masu shiga Facebook kullum sun ragu, karo na farko a tarihinsa. Washegari farashi ya faɗi kashi 26 cikin 100, ya tsaya kusa da dala 238. Darajar kamfanin ta zube fiye da dala biliyan 230 a yini ɗaya.

Shin giɓin ya cike? Ƙwarai ya cike. Amma yaushe? Sai cikin 2023, bayan wajen shekara ɗaya da rabi. Kafin nan kuma, a Oktoba 2022 wani sabon giɓi ya buɗe ƙasa, a Nuwamba farashi ya gangara ƙasa da dala 90. Wanda ya sayi takardar wata ɗaya ko wata uku yana jiran cikewa, maganarsa ta zama gaskiya, aljihunsa kuwa wayam. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Kada a ce ai ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai ke faɗawa. A Janairu 2022 hannun jarin Netflix ya faɗi bayan lissafi, sai babban mai juya dukiya Bill Ackman ya ga araha, ya sayi fiye da miliyan 3. A Afrilu kamfanin ya ce ya rasa masu biya 200,000, farashi ya sake faɗuwa kashi 35 a yini ɗaya. Ackman ya sayar, da hasarar wajen dala miliyan 400. Shi fa hannun jarin kansa ya riƙe, babu wa'adi a wuyansa. Ina ga mai takardar mako biyu?

Abu na biyu, wanda masu talla ba su cika faɗa ba, shi ne tsadar takarda kafin lissafi. Kowa ya san ranar da kamfani zai yi magana, saboda haka masu sayar da takarda sukan ɗora kuɗin fargaba a kai, kamar yadda rago ke tsada ana gobe Layya. Da labari ya fito, fargaba ta wuce, kuɗin ya sauka nan take. Ga misali da lissafi. Hannun jari yana dala 100, ka sayi ikon saye a dala 100, aka caje ka dala 6 kowane ɗaya, wato dala 600. Lissafi ya yi kyau, farashi ya hau 104 ya tsaya har wa'adi. Takardarka ta zama dala 400. Ka canki hanya daidai, amma ka yi hasarar dala 200, ban da la'ada. Zane ba ya nuna wannan, domin zanen hannun jari kake kallo, takarda kuwa farashinta daban.

Mun san abin da masu zane za su ce. Za su ce ai giɓi iri-iri ne, akwai na tashi, akwai na ci gaba, akwai na gajiya, gwani ya san bambanci. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun 1968 wasu masana biyu, Ball da Brown, suka nuna cewa farashi yakan ci gaba da bin labarin riba na ɗan lokaci, mai kyau sama, marar kyau ƙasa. To amma a lura, wannan ya saɓa wa maganar cikewa. Ɗaya ta ce zai koma, ɗaya ta ce zai wuce. Sunan giɓi kuwa yawanci sai bayan an ga ƙarshensa ake raɗa masa. Wannan ihu ne bayan hari.

In ana son a ga yadda jama'a ke ƙarewa a irin wannan ciniki, a dubi Indiya. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta can, SEBI, ta fitar da bincike a 2023 cewa mutum 9 cikin 10 na ɗaiɗaikun masu cinikin takardun zaɓi da na alkawarin gaba hasara suka yi. A 2024 ta sake dubawa na shekara uku, ta samu kashi 93 cikin 100. Ga kuma wani abin lura ga mai neman hukunci: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce cinikin takardar zaɓi yadda ake yinsa a kasuwannin duniya bai halatta ba.

Saboda haka ga shawararmu. Duk wanda aka kawo wa wannan tayi, ya yi tambaya huɗu kafin ya zaro ko sisi. Nawa ne kuɗin takarda? Ina farashi zai kai kafin in mayar da uwar kuɗi? Kwana nawa ya rage wa'adi? In ta mutu gaba ɗaya, shagona zai buɗe gobe? Wanda ya kasa amsa ɗaya daga ciki, cinikin biri a sama yake shirin yi. Kuma kada a taɓa kuɗin uban gida, ko na adashi, ko na bashi.

Ku kuma 'yan'uwa dillalai, kun fi kowa sanin cewa la'ada tana fita ko mai kaya ya ci ko ya faɗi. Mai koya wa yaro zane don a biya shi, haka yake. In ɗanku ko yaron shagonku ya nuna muku zane a waya, ku tambaye shi ranar da takardar za ta mutu, daga nan za ku gane ko ya san abin da ya saya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.