A Riƙa Gwada Sababbin Hannu A Harkar Fim

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan masu shirya fim da yau su burge, gobe su yi shirme, amma kamfanoni ba sa daina ba su aiki.

Dubi Ram Gopal Varma na Indiya. Ya yi suna da Satya a 1998. A 2007 ya kwaikwayi Sholay da fim ɗin Aag, ya faɗi warwas. A 2008 sai ga shi da Sarkar Raj, har da Amitabh Bachchan.

Ni dai ina ganin tsoro ne. In mai suna ya jawo asara, a ce ƙaddara. In sabon yaro ne, wanda ya kawo shi za a tuhuma. Mu 'yan kasuwa, dillali ya ƙona mu sau biyu, mun bar shi ke nan. Don Allah a ba matasa dama.

Naka,
Wani ɗan tireda, Kano.