Gumin Wa Ke Cikin Buhun?

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, zaman gida ya ishe ni a Kazaure. Sai kawuna ya samo mini aikin akawu a wani sito a Kano, inda ake tara zoɓo da riɗi ana tsince su kafin a yi lodinsu zuwa Legas. Aikina shi ne in tsaya bakin sikeli in rubuta nauyin kowane buhu, ranar Alhamis kuma in fitar da lissafin leburori. A cikin leburorin akwai samari goma sha ɗaya daga ƙauyukan Gwiwa da Roni, waɗanda ba a taɓa miƙa wa ɗayansu kuɗi a hannu ba. Ladansu gaba ɗaya wani mutum ake ba, wanda ya kwaso su daga gida. Shi ma yana da nasa littafin, kuma da yake bai iya boko ba, ni nake cika masa: kuɗin motar da ta kawo su, kuɗin abinci, kuɗin tabarma, kuɗin magani. Da dare a kulle ƙofar ɗakin kwanansu ta waje, wai saboda ɓarayi.

Wata rana ƙaraminsu, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, ƙurar zoɓo ta sa masa tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya same ni ya ce, "Malam, nawa ya rage a kaina?" Na buɗe littafi na tara. Bayan wata uku yana ɗaukar buhu, bashin da ake bin sa ya fi na ranar da ya zo. Na faɗa masa adadin, na rufe littafin. Da na kai maganar gaban mai siton, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ni ban ɗauke su aiki ba. Na biya wanda ya kawo su, sauran kuma tsakaninsu ne."

Wannan amsa ita nake so in gurfanar a wannan muƙala. Da'awata ita ce: duk wanda riba ta shiga aljihunsa ta hanyar gumin wani, wajibi ne ya san yadda aka samo gumin, kuma "ban sani ba" ba ta wanke shi. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda alƙalaminsa ya yi tarayya a cikin laifin.

Sunan abin da na gani

Ban san sunan abin da nake rubutawa a littafin nan ba sai da na koma makaranta. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1930, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1960, ta bayyana aikin tilas da cewa shi ne aikin da aka sa mutum bisa barazanar wata ƙuntatawa, ba da son ransa ba. Babu sharaɗin sai an ga mari a ƙafa ko bulala a baya. Riƙe lada, da ɗaure mutum da bashin da ba ya biyuwa, da kulle masa ƙofa, da ƙwace masa takardu, duk suna cikin alamominsa. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. An kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da safarar mutane, dokarta ta 2015 kuma ta hana ko da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Saboda haka doka ba ta yi mana ƙaranci ba.

Girman matsalar kuwa, ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas, kuma kashi 86 cikin ɗari nasu a hannun masu zaman kansu suke, ba gwamnatoci ba. A 2024 ƙungiyar ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake samu daga gare su da dala biliyan 236 a shekara. Ke nan kasuwa ce mai ci, kowace kasuwa kuwa tana da dillalai da masu sari da masu saye.

Wanda yake ganin labarin ƙasashen nesa ne, ya tuna watan Yunin 2020, lokacin da 'yan sandan Kano suka shiga kamfanin shinkafa na Popular Farms da ke Challawa suka fito da ma'aikata 126. Ma'aikatan sun shaida wa manema labarai cewa tun ƙarshen Maris, da aka shiga kullen korona, aka hana su fita, aka yi musu alkawarin ɗan ƙarin albashi, wanda ya ƙi kuma aka yi masa barazanar kora. Shinkafa ce irin wadda ake turarawa a gidajenmu. Wa ya taɓa ɗaukar loma ya tambayi yadda aka yi ta zo faranti?

Hanyar da ta ratsa ƙofar gidanmu

Mu mutanen arewa maso yammacin Jigawa ba mu da ikon cewa abin bai shafe mu ba. Titin Kano zuwa Daura ta tsakiyar Kazaure ya bi, Babura kuma a bakin iyakar Nijar take. Sau da yawa jami'an shige da fice na jihar suna sanar da cewa sun tare matasa, galibinsu daga kudancin ƙasar nan, a yankin Kazaure ko Babura, ana shirin tsallakawa da su zuwa Agadas, daga can sai Libiya. A Libiyan nan ne tashar CNN ta nuna wa duniya, a Nuwamban 2017, ana gwanjon 'yan Afirka a kan dala 400. Tambayata ita ce: baƙon da ya taso daga Edo ko Legas, yaya aka yi ya san ɓarauniyar hanyar da ke zagaye shingen jami'ai? Ɗan gari ne ya nuna masa. Ɗan gari ne ya goya shi a babur, ya ba shi ɗakin kwana, ya sayar masa da abinci, ya canza masa naira zuwa sefa. Kowannensu zai rantse cewa sana'arsa kawai ya yi. Ai ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari.

Kuma ba baƙi kaɗai hanyar ke ci ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga ciki 52 yara ne, 33 mata. Mafi yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, wato maƙwabtanmu da muke harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan doka, soke ta ya ƙara nauyin da ke kan mu da muke wannan gefen iyakar.

Tarihi ma ya riga ya yi mana gargaɗi. An haramta bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936. Shekara shida kacal bayan haka, da Japan ta ƙwace Malaya Ingila ta rasa kuzar yaƙi, sai Turawa suka fito da abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna: daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da cuta suka hallaka da dama. Kamfanonin kuza ba su je ƙauye sun kamo kowa da hannunsu ba, ta hannun En'e aka bi. Su ma suna iya cewa an kawo musu ne. Tsarin da na tarar a sito jikan wannan ne: mai riba yana nesa, mai kamu yana kusa, tsakaninsu kuma an rataya labule da gangan.

Uzurori uku da amsarsu

Na san abin da za a ce. Na farko, talauci ne. Haka ne, talauci ne ya fito da yaron daga Gwiwa, kuma ba na raina yunwar bazara. Amma talauci bai rubuta kuɗin tabarma a littafi ba, bai kuma sa kwaɗo a ƙofa ba. Mutum ne ya yi, da hankalinsa, don ya san wanda yunwa ta koro ba ya ciniki. Talauci dalilin fitar yaron ne, ba lasisin cinye ladansa ba.

Na biyu, za a ce ci-rani al'adarmu ce. Gaskiya ne, kuma al'ada ce mai daraja. Kakana ya yi ci-rani, da kuɗinsa ya sayi shanun noma. Amma ɗan ci-rani da ƙafarsa yake tafiya, ladansa a hannunsa yake karɓa, kuma da hadarin farko ya haɗu yake ɗaure kayansa ya koma gona ba tare da neman iznin kowa ba. Wanda ba shi da ikon cewa "na bari" ba ci-rani yake ba. Haka nan yarinyar da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye ta kai ta aikatau birni, ita dillaliyar take karɓar kuɗin wata, ba riƙo ba ne, ko da uwar ɗakin tana ce mata "'yata".

Na uku shi ne mafi ƙarfi, don haka ba zan yi masa riƙon sakainar kashi ba. Ɗan kasuwa zai ce ribar buhu kaɗan ce, masu saye a waje su ke yanke farashi, in ya tsananta bincike maƙwabcinsa zai karye farashi ya kwashe ciniki, a ƙarshe ya rufe sito kowa ya rasa. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa gyaran mutum ɗaya ba zai isa ba, sai an ɗora wa kowa ƙa'ida ɗaya. Sai dai lissafin nasa ya tsufa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2011 da ƙa'idojin da suka ɗora wa kamfani alhakin bincikar duk hannuwan da kayansa suka bi. Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta wa manyan kamfanoni su bayyana duk shekara matakan da suka ɗauka. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana sayar da duk kayan da aka yi da aikin tilas a kasuwanninta, za ta fara aiki a ƙarshen 2027. Jigawa na cikin manyan masu noman zoɓo da riɗi a Nijeriya. Zoɓonmu har Meziko yake zuwa, riɗinmu kuma Japan da Sin da Turkiyya. Ranar da masu saye suka fara tambayar da mai sitona ya ƙi yi, kuma ba mu da amsa, manomin Babura da bai cuci kowa ba shi zai fara kwana da buhunansa. Idan tsoron Allah bai motsa ɗan kasuwa ba, to tsoron asara ya motsa shi.

Abin da ya wajaba

Ba na neman abin da ya fi ƙarfinmu. Na ɗaya, lada ya shiga hannun wanda ya yi aikin, ko asusunsa na waya, kada ya bi ta hannun wanda ya kawo shi. In dillali na da la'ada, mai aiki ya biya daga aljihunsa. Wannan kaɗai ya isa ya kashe littafi irin wanda na cika. Na biyu, kowane sito da masana'anta da babbar gona su ajiye rajistar ma'aikata mai suna da shekaru da garin kowa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa su mai da ita sharaɗin zama ɗan ƙungiya. Na uku, kada a kulle ƙofa a kan ma'aikaci, kada a riƙe wayarsa ko katinsa. Na huɗu, shugabannin tasha da na 'yan acaɓa a Kazaure da Babura su san cewa wanda ya ɗauki ayarin 'yan mata baƙi da tsakar dare ya bi da su ta daji ya san abin da ya ɗauka, a hukunta shi kamar yadda ake hukunta mai lodin kayan sata. Na biyar, masu unguwanni da dagatai, waɗanda ba a ɗaura aure a ƙauye ba da saninsu ba, kada a fita da yaran ƙauye aiki ba da saninsu ba: a san wa ya tafi da su, ina, kuma nawa. Limamai kuma su tuna wa jama'a a huɗuba cewa addininmu ya yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago, ya kuma tsananta gargaɗi ga mai cinye haƙƙinsa.

Kammalawa

Da aka janye yajin aiki a watan Oktoba na karɓi sallamata na koma aji. Samarin an riga an kwashe su zuwa wani wuri tun kafin damina, kuma na tambaya a Gwiwa ban samu wanda ya san inda ƙaramin ya ƙare ba. Yau ina da digiri, wani ɓangare na kuɗin rajistata kuwa daga albashin siton nan ya fito. Saboda haka ba daga kan mumbari nake magana ba.

Ya kai mai karatu, ko kai mai sito ne, ko direba, ko uwar gida mai 'yar aiki, ko akawu irina, akwai tambayoyi uku da ba sa cin ko kwabo: wa ya yi aikin nan, nawa ya shiga hannunsa, kuma in ya ce zai tafi yau, akwai mai hana shi? In kana da amsarsu, ci ribarka da kwanciyar hankali. In kuwa kana gudun yin tambayar, to ka riga ka san amsar.