Sharhi: Tsibirin Saint Helena da tazarar da jirgin sama bai gama rufewa ba

Tsakanin birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu da tsibirin Saint Helena akwai tazarar kimanin kilomita 3,700, tafiyar da jirgin kamfanin Airlink ke yi cikin kusan sa'o'i shida. Kafin watan Oktoban 2017, lokacin da aka fara jigilar fasinjoji ta sama, sai an kwana biyar a cikin jirgin ruwa daga Cape Town kafin a isa wannan tsibiri na Tekun Atlantika, wanda ke ƙarƙashin Birtaniya, inda Napoleon ya rasu a tsare a 1821.

Sai dai yawan kilomita ba shi ne ainihin matsalar ba. Babu wani filin jirgi kusa da tsibirin. Mafi kusa shi ne na Ascension, mai nisan kusan kilomita 1,300. Don haka wajibi ne matuƙi ya ɗauki man da zai ishe shi juyawa idan sauka ta gagara, dalilin da ya sa jirgin ke yada zango a Namibiya ya sha mai kafin ya nausa teku. Titin saukar kuma gajere ne, an shimfiɗa shi a kan tudun da ke bakin teku, inda iska ke sauya alkibla ba zato.

Wannan iska ce ta kunyata gwamnatin Birtaniya a 2016. Bayan ta kashe kusan fam miliyan 285 wajen gina filin, jirgin gwaji ƙirar Boeing 737 ya sauka da ƙyar, lamarin da ya sa aka ɗage jigilar fiye da shekara guda, jaridu kuma suka yi ta yi wa aikin shaguɓe. Daga ƙarshe an koma ga ƙaramin jirgi ƙirar Embraer, wanda kujerunsa ba su kai na babban ba. Hakan ya rage kuzarin burin samun masu yawon buɗe ido da yawa, burin da aka dogara da shi wajen kare kashe kuɗin.

Duk da haka, masu sukar ba su yi wa filin adalci ba. Ga mazauna tsibirin, su fiye da 4,000, majinyacin da a da zai jira zuwan jirgin ruwa yanzu ana iya kai shi asibiti a Afirka ta Kudu cikin yini guda.

Abin damuwar shi ne dogaro da hanya ɗaya tilo. An sallami jirgin ruwan fasinja RMS St Helena a farkon 2018, kuma a galibin watanni sau ɗaya a mako jirgin sama ke zuwa. Idan hazo ko iska suka hana shi sauka, ɗalibi da ɗan kasuwa da mai ganin likita duk sai su zauna jiran yanayi ya gyaru, domin babu wani jirgin fasinja da ke zirga-zirga a kai a kai da za su koma gare shi.