Waswasin Da Annoba Ta Bari A Zukatan Ɗalibai

Ya ku malamai da attajirai, ga wata magana da ta shafi 'ya'yanmu masu neman ilmi.

Kun tuna annobar korona, wadda ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aka yi shela kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu tsawon daƙiƙa 20. Umurnin daidai ne. Amma fa ko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa a watan Mayu na 2023, akwai yaran da tsoron bai sake su ba.

Likitocin ƙasashe da dama sun lura cewa ɗaliban da fargabar cutar ta fi kamawa su ne alamun waswasi suka fi tsananta gare su. Ciwo ne sananne, yana samun kamar mutum 2 cikin 100, galibi kuwa da ƙuruciya yake farawa. Annoba ba ta shuka shi ga kowa ba. Wanda ke da tushensa ta hura wa wuta, ga zaman kaɗaici, ga labarin mutuwa dare da rana.

Ga yadda yake ɗaure mutum. Zuciya ta raya wa yaro cewa hannunsa ya ɗauki cuta, zai kai wa tsohuwarsa. Ya wanke, ya sami sauƙi kaɗan. To, wannan sauƙin shi ne tarkon, domin shakka za ta komo, ya sake wankewa, har fata ta tsage, lokacin karatu ya wuce yana bakin famfo.

Mu da muka karanta fikihu ba baƙonmu ba ne. Mun san mustankihi, wanda shakka ta aure shi cikin salla, kuma Risala ta umurce shi ya kau da kai daga gare ta. Abin mamaki, maganin likitoci ya bi wannan hanya: a sa mai ciwon ya taɓa abin da yake ƙyama kaɗan kaɗan, ya daure kada ya wanke, har tsoron ya kwanta da kansa. Wani kuma a haɗa masa da ƙwayoyi.

Saboda haka ina ganin kuskure ne malami ya yabi irin wannan yaro da tsentseni, kuskure ne kuma ya ɗaukar masa bulala. Uba ma ya daina amsa masa sau goma cewa hannunsa tsarkakakke ne, don amsar ciyar da ciwon take yi. Idan abin ya kai yana cin sa'a guda ko fiye a yini, ko ya hana shi karatu, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, a kuma gaya wa likitan tun yaushe ya fara.