Kusa da Ruwa, Amma Ba a Bakinsa Ba

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka ba ni aron hankalinka a kan wata gardama da ta hana gidanmu sakat tun hutun da ya wuce. Mahaifina ya ajiye aikin gwamnati bayan shekara 35, an ba shi ɗan kuɗin sallama, ya kuma ƙudura zai gina gidan da zai ƙarasa rayuwarsa a ciki. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: in ya fito ƙofar gida ya hangi kwalekwalensa, in ya zagaya baya kuma ya faɗa daji da karensa. Har ma ya riga ya zaɓi wurin, wato ƙauyen kakanninsa na wajen uwa a ƙasar Ibaji ta jihar Kogi, a gaɓar kogin nan da Hausawa ke kira Kwara, masu boko kuma su ce Neja. Ni kuwa na ce masa ban yarda ba, kuma dalilan ƙin yardar tawa nake so in baje a wannan fili.

Ni Igala ne. A Gusau aka haife ni lokacin da Baba yake aiki a can, a bakin yaran unguwa na tsinci Hausa kafin in zo ina karanta ta a aji. Don haka in an ga na yi tuntuɓe a wani wuri, a yi mini uzuri, ɗan koyo ne.

Da farko dai ba zan zalunci Baba ba, yana da hujja. Mun sha ganin abokan aikinsa da suka yi ritaya suka zauna a birni: safiya a bakin mai jarida, rana a kan benci, ido a kan waya ana jiran fanshon da ba ya zuwa a kan kari, kafin shekara biyar mutum ya sukurkuce. Baba ya ce shi ba zai mutu a kan benci ba. Mai ƙugiya da koma ba ya kwana da yunwa, in ya kama tarwaɗa biyu an yi miya, in ya kama goma an yi banda an kai kasuwa. Ban da ciki ma, akwai abin da ruwa ke yi wa zuciyar mutumin da ya tashi a kansa. Duk sanda muka je gida na ga yadda fuskarsa ke sakewa da zarar ya riƙe filafili, sai in rasa bakin musu.

To amma ga inda gizo yake saƙa. Abin da ya sa Ibaji ta yi suna da kifi shi ne ainihin abin da ya sa ba ta dace da gidan siminti ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadama. Kowace shekara wajen Satumba da Oktoba kogi yakan cika ya fantsama cikin ciyawa, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a can, 'ya'yan su girma cikin yalwar abinci, sa'annan in ruwa ya janye ya bar su a tafkuna. Wato ambaliya ita ce uwar kifin. Wanda ya ce yana son wurin da kifi ya fi yawa, to ya sani ko bai sani ba, cewa ya yi yana son wurin da ruwa ya fi hawa.

Kuma ruwan yanzu ba irin wanda kakanninmu suka sani ba ne. Su suna lissafi ne da sama da wata, mu kuwa sai mun haɗa da ƙofofin madatsun ruwa. Akwai Kainji da aka gama a 1968 da Jebba a ƙasanta, ga kuma Lagdo ta ƙasar Kamaru a kan Binuwai tun 1982. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ta tare abin da Lagdo ke saki, har yau ba ta tabbata ba. Ruwan kogunan nan biyu a Lakwaja yake haɗuwa, daga nan kuma sai mu. A 2012 hukuma ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasar nan, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600, har hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta yanke a wajen Kotonkarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A shekarun nan biyu Ibaji kusan gaba ɗayanta ta nutse. Gwaggona ta yi makonni tana kwana a ajin wata makarantar firamare a Idah, da ta koma kuma ta tarar da doyarta ta ruɓe a gona, bangon ɗakinta ya zauna. Na tuna wa Baba wannan, sai ya ce ai shekara goma ne tsakani. Na ce, "Baba, gidan da za ka gina na shekara tara ne?" Bai ji daɗin tambayar ba, ni ma na san na ɗan wuce gona da iri.

Wani abu da karatun Hausa ya buɗe mini ido a kai shi ne kalmar tunga. Duk wanda ya bi ƙasar Yawuri zai ga garuruwa rututu masu suna Tungar wane da Tungar wane. Tunga a asali zango ne, 'yan bukkoki da masunta ko manoma ke kafawa kusa da abin nemansu. Sarkawa, waɗanda su ne gwanayen su a ƙasar Hausa, sukan kafa irin wannan zango a kan yashi da rani, su yi sana'arsu, da ruwa ya fara hawa su naɗe zana su ɗora a jirgi. Mutanenmu ma haka suke yi a da. Ɗakin ciyawa in ruwa ya ci shi, asarar kwana uku ce. Su ba su taɓa haɗa gida da zango ba. Mu 'yan zamani ne muke so mu ɗauki kuɗin guminmu na shekara 35 mu mayar da shi bulo da kwano, mu dasa a wurin da magabata suka ga bai cancanci fiye da zana ba. A nawa ganin wannan ba komawa ga al'ada ba ne, rashin fahimtar ta ne.

Sai kuma batun da mutanen birni ba su cika tunawa da shi ba, wato ruwa yana da masu shi. Na je bakin ruwan Ega a Idah, kusa da inda gunkin Inikpi yake, na sami wani dattijo masunci mutumin Yawuri yana ɗinkin koma. Na gaishe shi, ya yi mamakin Hausata, hira ta yi daɗi har na kawo masa zancen Baba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kusa da ruwa daban, izinin ruwa daban. Shekarata talatin a nan, amma akwai tafkin da ban isa in jefa ƙugiya a ciki ba sai masu shi sun buɗe." Gaskiya ya faɗa. Babban kogi na kowa ne, amma tafkunan fadama, inda kifin kirki yake taruwa, yawancinsu na gidaje ne ko na gari, ana rufe su a buɗe sau ɗaya a shekara. Ai bikin Argungu ma da ya yi suna tun 1934 a kan wannan ƙa'ida ya ginu: ana hana su a Matan Fada har ranar da aka ba da izini. Haka tafkin Nwonyo na Ibi a Taraba. To Baba a wancan ƙauye ɗan 'ya mace ne, mu Igala kuwa ta wajen uba muke gado. Za a karɓe shi hannu bibbiyu, za a ba shi fili, amma ranar rabon tafki a bayan layi zai tsaya. Bugu da ƙari, dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta 1997 ta sa mita 100 daga gaɓar manyan koguna a ƙarƙashin ikon hukumar, saboda haka ko takardar filin ma abin dubawa ce.

Farauta kuwa ba zan ɓata tawada mai yawa a kanta ba, domin a ganina ta daina zama dalilin da mutum zai zaɓi mazauni saboda ita. Dajin da Baba yake tunawa, mai gada da mazo, ya zama gonar shinkafa da rogo. Abin da ya rage sai gafiya da gyazbi da zomo, su kuwa ana samun su a bayan kowane gari. Inda manyan namun daji suka rage, irin su Yankari da gandun Kainji, doka ta hana harbi, gandun Kainjin ma 'yan bindiga sun addabe shi a 'yan shekarun nan. Bindigar toka kanta sai da lasisi. Mafi muni kuma, yanzu ganin mutum da bindiga a daji ba ya sa kowa tunanin nama. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, bisa zargin cewa masu satar mutane ne. Edo ɗin nan tsallaken kogi ce daga Idah, ana hango Agenebode daga gaɓarmu. Baba zai ce shi ɗan gida ne, an san shi. An san shi a ƙauyensu, amma kare mai bin sawu bai san iyakar gari ba, kuma 'yan banga na garin gaba ba su san fuskarsa ba.

Akwai kuma abin da shi ba ya son a faɗa: yana da hawan jini. Da damina hanyar Ibaji takan gagari mota, sai jirgi. Jirgin kuwa mun san halinsa, ba mu manta da na Patigi ba a watan Yuni na 2023, inda fiye da mutum 100 suka halaka suna dawowa daga biki da dare. Mai ƙarfi yana iya cewa tsautsayi ne. Amma ka ɗauki dattijo da ya faɗi da ƙarfe biyun dare, ka sa shi a kwalekwale cikin duhu kana neman asibiti, wannan ba tsautsayi ba ne, abu ne da aka zaɓa tun ranar da aka haƙa harsashin gini.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi a raba Baba da ruwa. Ko kusa. Ina ganin duk mai neman mazauni saboda su, abin da ya kamata ya auna ba nisan ƙofarsa da ruwa a watan Maris ba ne, nisanta da ruwa a watan Oktoba ne. Ya je da kansa bayan ambaliya ya dubi zanen laka a jikin bango da itatuwa, ya tambayi tsofaffin mata inda ruwan 2012 ya tsaya, domin su ba su da filin sayarwa. Garin Idah kansa darasi ne: waɗanda suka kafa shi mutanen kogi ne, amma a kan tudu suka ɗora shi, suna kallon ruwa daga sama. Abin da na roƙi Baba ke nan, ya gina gidan a tudun Idah, inda tafiyar minti ashirin za ta kai shi bakin ruwa, asibiti kuma yana kusa. Ya ɗaure kwalekwalensa a Ega. In rani ya yi, ya tafi ƙauyen kakanninsa ya kafa tungarsa ta zana, ya yi wata uku yana kama kurungu da karfasa, in dangi sun buɗe tafki su kira shi.

Ya ce mini wannan rabin buri ne, shi kuwa bai yi aikin shekara 35 don rabi ba. Mama ta goyi bayana amma a ɓoye. Yayana ya ce kuɗinsa ne, a bar shi ya yi abin da ya ga dama, wanda kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai in ruwa ya zo ba yayan nawa ne zai kwana a aji ba. A yanzu dai bulo ɗari biyar na nan jibge a gidan wani ɗan'uwanmu a Idah, ba a kai su ko'ina ba. Iyakar abin da na samu daga wurinsa shi ne alkawarin ba zai haƙa harsashi ba sai mun je filin tare a ƙarshen Oktoba, ni da shi, da sandar awo.